Abincin bakin hanya da hirar dare: darasin Japan ga Ƙonni, Malbaza da Ilela

A manyan biranen Japan irin su Tokyo, Osaka da Fukuoka, akwai wata sana'a da ta yi ƙarfi a shekarun baya-bayan nan. Ɗan gari ne zai tara baƙi shida ko goma da maraice, ya bi da su lungu-lungu, yana nuna musu inda ake gasa nama, inda ake tuya, da ƴan shagunan da ma'aikata ke zama su huta bayan an tashi daga aiki. Baƙin su biya ladan jagora, su ci su sha, su koma ƙasashensu da labari. A shekarar 2024 kaɗai, baƙi kusan miliyan 37 suka shiga Japan, kuma abinci na cikin manyan abubuwan da ke jan su.

Duk wanda ya san Birnin Ƙonni, Malbaza, Galmi ko Ilelar Adar, in aka zayyana masa abin da ake nuna wa waɗannan baƙi, zai ji kamar labarin gida ake ba shi: tsire a kan garwashi, tanda mai ramuka, awara, benci a bakin titi, da hirar da ba ta ƙarewa sai dare ya raba. Bambancin yana wajen tsari. A Japan hukuma ta san masu wannan sana'a, ta ba su wuri da ruwa da doka. A jihar Tawa kuwa, iyalai masu ɗimbin yawa ne ke ci daga kasko da tukuba, amma rufe iyaka na ƴan watanni ko ɓarkewar amai da gudawa na iya durƙusar da su cikin ƙanƙanin lokaci.

Mene ne yatai, mene ne izakaya?

Yatai rumfar katako ce mai tayoyi. Mai ita yakan turo ta da la'asar zuwa wurin da aka ba shi a gefen titi, ya kafa, ya jera benci, ya kunna fitila. Ba ta ɗaukar fiye da mutum takwas zuwa goma, saboda haka kafaɗa da kafaɗa ake zama, wanda bai san wani ba ma dole hira ta haɗa su. Kafin gari ya waye mai rumfa ya naɗe kayansa, ya wanke wurin, masu tafiya aiki da safe su wuce kamar ba a taɓa dafa komai a nan ba. Birnin Fukuoka da ke kudancin ƙasar shi ne cibiyarsu a yau, inda ake da kimanin 100, galibi a unguwannin Nakasu, Tenjin da Nagahama.

Izakaya kuwa shago ne mai rufi. Asalinsa wuraren sayar da giyar shinkafa ne da ake kira sake, waɗanda tun ƙarnukan baya suka fara barin mai saye ya zauna ya sha a wurin, daga baya suka ƙara da ƴan abubuwan taɓawa. A yau nan ne abokan aiki ke haɗuwa da dare, a yi ta kawo ƙananan faranti ana ci tare.

Abincin kansa ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Yakitori tsiren kaza ne da ake jerawa a tsinken gora a gasa da gawayi. Takoyaki, wanda birnin Osaka ya yi suna da shi, ƙullun fulawa ne da ake zubawa a kasko mai ramuka tamkar tandar waina, a sa masa yankan wata dabbar teku mai hannuwa takwas, a riƙa juyawa da tsinke har ya zama dunƙule. Tofu kuma awara ce, da waken suya ake yin su duka biyu. A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sa al'adar girkin Japan cikin jerin kayan gadon duniya.

Abin da jagora ke sayarwa shi ne sani. Shagunan ƙanana ne, rubutun farashi da harshen Japan yake, kuma akwai ladubban da baƙo bai sani ba: ba a ba da tukuici, ba a son mutum ya riƙa ci yana tafiya, kuma a izakaya akan kawo ɗan faranti tun ba a tambaya ba, wanda kuɗinsa ne kuɗin zama. Ga Musulmi aikin jagora ya fi haka nauyi, domin taliyar da Fukuoka ta yi suna da ita da romon ƙashin alade ake yin ta, kuma miya da yawa na ɗauke da ɗan giyar girki.

Me ya sa Ƙonni ta zama garin ci?

Hanya ce ta yi Ƙonni. Garin na kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso da Dogon Dutsi, ta wuce Madawa, Maraɗi har Damagaram. Daga Yamai tafiyar ta haura kilomita 400, shi ya sa motocin kamfanonin sufuri da suka taso da asuba sukan iso Ƙonni daidai lokacin da yunwa ta fara cin fasinja. Gaba kaɗan, a Tsarnawa, hanyar Tawa da Agadas ta rabu, ta bi ta Badagishiri a gundumar Ilela. Ta kudu kuma ga iyaka, ga Illela ta jihar Sakkwato a tsallake, ga birnin Sakkwato kansa a nisan da bai kai kilomita 100 ba.

Duk inda hanyoyi suka haɗu haka, akwai mutanen da ba za su ci abincin gida ba a ranar: direbobin manyan motoci da yaransu, ƴan kamasho, ƴan canjin naira da sefa, ƴan kabu-kabu, ƴan dako, fataken dabbobi da masu jiran takardun duwan. Ranar Laraba kasuwar Ƙonni ke ci, ranar Lahadi kuma ta Illela, kuma kowace na kwaso jama'a daga ɓangarorin biyu.

Sauran garuruwan yankin kowane da abin da ke tara masa baki. Malbaza, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, tana da masana'antar siminti tun shekarun 1960, da jerin gwanon motocin da ke jiran lodi. Galmi na da kasuwar albasa da asibitin da ƙungiyar SIM ta buɗe a 1950, inda masu jinya ke zuwa daga nesa su kwana su wuni. Badagishiri na da kasuwar mako da ta yi suna wajen dabbobi da hatsi. Ilela kuwa mazaunin Sarkin Adar ce kuma hedkwatar gunduma.

Daga asuba zuwa tsakar dare

Da an sallame sallar asuba, masu koko da ƙosai ne ke fara hura wuta. Mafi yawansu mata ne, kuma aikin tun daren jiya ya fara: jiƙa wake, surfe shi, kai niƙa, tace gasara. Kusa da su akwai mai waina da tandarta, da mai fanke. Da dala goma ko ashirin yaro zai karya kumallo kafin ya tafi lakkwal, kuma wannan arahar ita ce ginshiƙin sana'ar. Mai tuya ba ta iya ƙara kuɗi yadda ta ga dama. In mai ko wake ya yi tsada, sai dai ta rage girman ƙosan.

Da hantsi zuwa azahar abinci mai nauyi ke fitowa: shinkafa da wake da mai da yaji, ɗan wake, taliya, dambu da zogale, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa a rumfunan da ke kewayen tasha. A lokacin ne kuma matan Fulani ke shigowa da ƙwaryar nono, a dama fura a sha a inuwa. Ga mutumin Adar da ya wuni a rana, fura ba abin marmari ba ce, ita ce abincin rana.

La'asar ta masu awara ce da soyayyen dankali da doya. Awara ba tsohuwar cima ba ce a ƙasar Hausa. Ta yaɗu ne a shekarun baya-bayan nan tare da noman waken suya a Najeriya, kuma ta samu karɓuwa saboda tana maye gurbin nama ga wanda aljihunsa bai kai ba. Lokacin kaka ga soyayyar fara, lokacin sanyi ga rake da kabeji da salak daga gonakin rani, lokacin zafi kuma zoɓo da kunun aya da ruwan leda mai sanyi su ne kan gaba.

Bayan magariba gari ke canza kama. Masu tsire su hura tukuba, masu gasa kaji da zabi su jera, masu kifi su kunna fitila, teburan shayi su cika. A teburin mai shayin Ƙonni ana ganin iyaka ƙarara: dogon burodi irin na Faransa a gefe guda, lallausan burodin Najeriya a ɗaya gefen, ga Nescafé, ga Lipton, ga Indomie da wainar ƙwai, kuma mai teburin na karɓar sefa yana karɓar naira ba tare da ya ɗauki alƙalami ba. A watan azumi duk wannan hada-hada takan koma tsakanin shan ruwa da sahur.

Nama da masu shi

Sana'ar nama ta fi sauran tsari, domin tana da shugabanci tun kaka da kakanni. Kowane gari na da Sarkin Fawa, wanda ke sasanta mahauta, yake kuma tsaya musu a gaban sarki da hukuma. Yaro kan fara da wanke tire da fere tsinke, ya koyi yanka da gashi, kafin ubangidansa ya sallame shi ya kafa tasa tukubar.

Tsire yankakken nama ne da ake sokewa a tsinke, a barbaɗa masa garin ƙuli da kayan yaji, a kakkafa shi kewaye da wuta. Balangu kuwa gunduwa-gunduwa ake gasa shi a kan waya, a yayyanka wa mai saye gwargwadon kuɗinsa, a haɗa da albasa da yaji. Kilishi ya fi su cin lokaci. Sai an zaɓi tsoka marar kitse, a feɗe ta fale-fale, a shanya a rana a kan gadon kara, a tsoma cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan ƙamshi, a sake shanyawa, sannan a ɗan nuna masa wuta. A Nijar an san iri uku: ja, fari, da rumuzu wanda ba a sa masa labu sai mai da gishiri da yaji. Maƙwabciyar Malbaza, wato Madawa, na cikin garuruwan da suka yi suna da shi, kuma da wuya matafiyi ya ratsa wannan hanya bai riƙo tsarabarsa ba.

Sunan kilishi ya riga ya samu kariyar doka. Ƙungiyar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka 17 daga hedkwatarta a Yawunde, ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar da ke danganta kaya da ƙasar da ya fito, kuma an miƙa wa Nijar takardun a 2023. Ma'anar rajistar ita ce ba kowa ke da damar sayar da kaya da wannan suna ba, sai wanda ya bi ƙa'idojin da aka shimfiɗa.

Gonar da ke bayan kasko

Abin da ya ba wannan yanki fifiko a kan wasu garuruwan hanya shi ne yawancin kayan haɗin a ƙofar gida ake noma su. Albasar Galmi, ja mai kaifi da ke jure ajiya, ita ce ake lodawa daga Galmi da Tsarnawa zuwa Gana, Kodebuwa, Togo da Benin. Manoma kan adana ta a rudu su jira farashi ya tashi, ganyenta kuma a daka a busar ya zama gabu na miya. Lokacin girbi, daga ƙarshen sanyi zuwa farkon bazara, albasa kan yi arha har mai tsire ya cika wa mutum takarda da ita. Da damina ta yi nisa kuwa sai a ga yankan ya koma siriri.

Ga kuma filin noman rani na Ƙonni, mai faɗin hekta sama da 2,400, wanda ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango a kan kwarin Magiya. An gina shi tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, aka kuma gyara shi a ƙarƙashin yarjejeniyar da Nijar ta sa wa hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016. Daga nan ake samun dawa, masara, alkama, tumatir, kabeji da albasa. Ke nan duk farantin da aka sayar a tasha, akwai rabon manomi, mai niƙa, mai itace, mai kura da mai jaki a cikinsa.

Fada da teburin mai shayi

In ana neman abin da ya yi daidai da izakaya a ƙasar Hausa, ba gidan giya za a duba ba, ko da yake akwai su a wasu lungunan garuruwan iyaka. Wurin da maza ke sauke gajiyar wuni, su ji labarin gari, su nemi shawara ko rance, shi ne teburin mai shayi da fada.

Fada, a ma'anar da matasan Nijar ke ba kalmar, majalisar abokai ce da ke zama a wuri guda kullum, da tabarma ko benci, da ɗan murhun waya, da butar shayi. Ta yaɗu a shekarun 1990, lokacin da aka buɗe fagen siyasa da gidajen rediyo masu zaman kansu, aikin gwamnati kuma ya yi wuya ga masu fitowa daga makaranta. Kowace fada na da suna, sau da yawa a rubuce a jikin bango, tana da shugaba, wani lokaci har da asusu. Wata masaniyar al'adu, Adeline Masquelier, ta wallafa littafi guda a kan fada a 2019, bayan shekarun bincike a Dogon Dutsi da Yamai.

Shayin fada ɗanyen ganye ne na ƙasar Sin, ana dafa shi sau uku a buta ɗaya. Na farko ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku zaƙi. Jinkirin dahuwar da juye-juyen da ake yi don a tada kumfa su ne ke ba hira tsawo. Ana zargin wasu fadodin da zaman kashe wando da shaye-shayen ƙwayoyi, kuma zargin ba ya rasa tushe a wasu wurare. Amma fadodi da yawa su ne ke gadin unguwa da dare, su ne ke gayyar yashe kwata, su ne ke haɗa gudummawa in ɗayansu zai yi aure ko ya kwanta ciwo. Ta fuskar ciniki kuma, su ne kwastomomin da mai tsire da mai awara ke dogaro da su in babu baƙi.

Lokacin da aka rufe iyaka

Sau biyu cikin shekaru biyar masu abincin Ƙonni suka ga abin da rufe iyaka ke haifarwa. Na farko daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Na biyu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba ta. Sai a watan Maris na 2024 aka sake buɗe mashigar Ƙonni da Illela.

Mai sayar da abinci kan sha duka ta fuska biyu a irin wannan hali. Masu ci sun ragu saboda motoci sun daina wucewa, kayan haɗin da ke shigowa daga Najeriya, kamar fulawa, sukari, taliyar leda da waken suya, sun ƙara kuɗi saboda sai an bi da su ta ɓarauniyar hanya. Rashin wuta kuma ya taɓa masu ƙanƙara da masu injin niƙa.

Faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta zo da nata salon. Mai sefa ya samu sauƙin sayayya a Illela, amma baƙon da ya tsallako da naira a aljihu ya ga tsiren Ƙonni ya fi ƙarfinsa. Mace mai tuya da jarinta bai wuce na kwana biyu ko uku ba, ba ta da inda za ta jingina sai adashe. In jari ya karye, abin da kan biyo baya shi ne a ɗora wa ƴa mace tiren talla, a cire ta daga aji.

Tsafta: inda gizo ke saƙa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa kowace shekara mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo ta hanyar gurɓataccen abinci, 420,000 kuma ke mutuwa. Afirka ce ta fi jin jiki, da masu ciwo miliyan 91 da mamata 137,000. Jihar Tawa na cikin jihohin da annobar kwalara ta 2021 ta shafa, kuma garuruwan iyaka, inda jama'a ke shiga da fita, sun fi zama cikin haɗari.

Abincin da aka sauke daga wuta aka ci da zafinsa, kamar ƙosai, waina ko tsire, ba shi ne ya fi ba da tsoro ba. Matsalar na wajen ruwa da jira. Bokiti ɗaya na ruwan wanke kwano da ba a canzawa tun safe, salak da kabejin da aka ɗauraye da ruwan da ba a san asalinsa ba, zoɓo da ƙanƙarar da aka haɗa da ruwan rijiya marar murfi, shinkafar da ta wuni a roba cikin zafin bazara, da naman jiya da aka ɗumama sama-sama, su ne hanyoyin da ciwo ke bi. Sai man tuya da ake maimaitawa har ya yi baƙi, da ƙura da ƙudan bakin kwata.

Abin naɗi ma abin dubawa ne. An saba naɗe balangu a takardar buhun siminti, alhali ba don abinci aka yi ta ba. Baƙar leda kuwa, wadda ake zuba koko da tuwo mai zafi a ciki, ita ce ke toshe magudanan ruwa, take kuma kashe awaki da shanun da suka haɗiye ta. Nijar na da doka tun watan Nuwamban 2014 da ta hana shigowa da sayar da irin wannan leda, sai dai duk wanda ya leƙa kasuwa ya san inda aka kwana wajen aiki da ita.

Yadda Fukuoka ta ceci rumfunanta

Masu yatai ma sun sha irin wannan zargi. Rumfunan sun yawaita ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mutane suka rasa gidaje da ayyuka. Da ƙasar ta farfaɗo, hukumomi suka ɗauke su a matsayin ƙazanta da cunkoso, kuma a yawancin birane suka ɓace, musamman a daidai lokacin wasannin Olamfik na Tokyo na 1964. A Fukuoka masu rumfuna sun kafa ƙungiya suka tsaya wa sana'arsu. Duk da haka a 1995 aka hana sayar da izinin rumfa ko miƙa shi ga bare, adadinsu kuma ya yi ta raguwa daga sama da 400 a shekarun 1960.

A 2013 majalisar birnin ta sauya hanya, ta yi wa yatai doka ta musamman. Dokar ta ƙayyade girman rumfa da lokacin kafawa da na tashi, ta wajabta rubuta farashi a inda kowa zai gani, kuma an hana sayar da ɗanyen abinci. Birnin kuma ya ɗauki nasa nauyin: ya ja ruwan famfo, magudana da lantarki zuwa wuraren da aka keɓe, masu rumfa na biyan kuɗin amfani. Daga 2016 aka fara tallata guraben da babu kowa don sababbin masu sha'awa su nema. Singafo ta bi makamanciyar wannan hanya tun da daɗewa, ta tara masu abincin titi a rumfunan da hukuma ta gina, har UNESCO ta karrama al'adar a 2020.

Darasin a nan shi ne ciniki ne tsakanin ɓangarori biyu: mai sana'a ya bi ƙa'ida, hukuma ta ba shi wurin da ba za a tashe shi gobe ba, da ruwan da zai bi ƙa'idar da shi.

Ko za a iya irin wannan zagaye a Ƙonni?

Jiran masu yawon buɗe ido daga Turai ko Asiya ba dabara ba ce a halin da ake ciki. Matsalar tsaro ta taƙaita zirga-zirgar baƙi ƴan ƙasashen waje, kuma ba a manta da sace wani ɗan Amurka da aka yi a Masalata, dab da Ƙonni, a watan Oktoban 2020 ba. Amma baƙin da yankin ke buƙata suna wucewa ta cikinsa kullum: fasinjojin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Agadas, ƴan kasuwar Sakkwato, ma'aikatan da aka turo taro, da ƴan asalin Adar da ke dawowa daga ci-rani a Abijan, Akara ko Legas. Yawancinsu ba sa wuce rumfa biyu ko uku na bakin tasha, saboda ba su san inda za su dosa ba.

Matashin da ya san gari zai iya cike wannan gurbi da wayarsa kawai: ya san mai wainar da ta fi kowa, mahaucin da namansa ya bi ta mayanka aka duba shi, wurin da ake shanya kilishi a rufe da raga, ya kuma iya ba da tarihin garin, tun daga sarautar Ƙonni har ɓarnar da rundunar Voulet da Chanoine ta yi masa a 1899. Hotuna a Facebook, WhatsApp da TikTok sun riga sun sa wasu masu abinci a manyan birane sun yi suna.

Sai dai jagora ba zai kai baƙo inda zai kwana da ciwon ciki ba. Abubuwan da ake buƙata ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba: famfo da wurin wanke hannu a tasha da kasuwa, wurin zuba shara da ake kwashewa, keɓaɓɓen fili ga masu tuya nesa da kwata, horo na ƴan kwanaki ta hannun ma'aikatan tsafta, da wata alama da mai saye zai gani ya san an duba wurin. Masu sana'ar na biyan tikitin kasuwa, don haka suna da bakin tambayar abin da ake yi musu da shi. Sarakunan fawa da ƙungiyoyin mata masu adashe kuwa, shugabanci ne da ke nan a shirye, wanda hukuma za ta iya zama da shi ba sai ta ƙirƙiro sabo ba.

Jihar Tawa ta taɓa gwada irin wannan haɗin gwiwa a wani fanni. A nan ne hukumar JICA ta Japan ta fara shirinta na kwamitocin iyaye masu kula da makarantu a 2004, kafin a yaɗa shi a faɗin ƙasa, kuma tushensa shi ne jama'a su zaɓi wakilansu, su tsara abin da suke buƙata, hukuma ta dafa musu. In aka bi wannan sawu a tashoshin Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza, Galmi da Badagishiri, wanda zai fara cin moriya ba baƙo ba ne. Ɗan makarantar da ke karyawa da ƙosai ne, da direban da ke kwana a hanya, da uwar da ke ciyar da gida daga kasko ɗaya.